Yadda ake koya wa kare tsalle da ɗauko abu irin na gasar biyayya

Wata Juma'a da yamma, lokacin sanyi, wasu 'yan'uwa suka kawo mini ziyara gonar da nake aiki a wajen Usfan, arewa da Jidda. Muna zaune ana shan shayi na kira Duna, baƙin karen da nake kula da shi, na jefa itacen da ake koya masa ɗauko da shi bayan shingen allo. Ya zauna bai motsa ba sai da na ce "haye". Ya tsallake, ya ɗauko, ya sake tsallakowa, ya zo ya zauna a gabana da itacen a baki yana kallon fuskata. Wani dattijo a cikin baƙin, wanda ya yi farauta da karnuka a ƙasar Katsina kafin ya zo nan, ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, wata nawa ka yi kana dukan wannan kafin ya iya?" Na ce, "Baba, ko sau ɗaya ban taɓa ɗaga masa hannu ba." Ya girgiza kai, ya ce sai na nuna masa yadda aka yi. Abin da na nuna masa shi ne zan shimfiɗa a nan, domin 'yan'uwanmu da yawa a nan Saudiyya suna aiki a gonaki da istiraha, wato gidajen shaƙatawa na bayan gari, an damƙa musu karnuka masu tsada, ba wanda ya gaya musu ta ina ake farawa.

Wannan aikin na Duna ɗaya ne daga cikin jarrabawoyin gasar biyayya ta karnuka. A Amurka wata mata mai suna Helen Whitehouse Walker ce ta shirya gwaji na farko a 1933 a garin Mount Kisco na jihar New York, ƙungiyar masu karnuka ta AKC kuma ta karɓi tsarin a 1936. Maki 200 ake nema, kare ba ya cin jarrabawa sai ya samu 170, kuma dole ya wuce rabin makin kowane aiki. Gasar aji-aji ce; a aji na biyu, ɗauko itace a fili maki 20 ne, ɗaukowa ta kan shinge maki 30, dogon tsalle maki 20. Ka ga 70 cikin 200 ke nan, kuma kuskure babba a ɗaya daga cikinsu ya rusa ranar gaba ɗaya. A Turai akwai tsarin IGP wanda asalinsa Jamus ne, inda shingen yake mita 1, itacen da ake ɗaukowa a fili kuwa giram 650 ne a matakin farko, kilo 1 a na biyu, kilo 2 a na uku. Ko ba ka da niyyar shiga gasa, ka bi ƙa'idarsu, domin ita ce ma'aunin da zai nuna maka ko karenka ya iya da gaske ko sa'a yake yi.

Na san abin da ke ran mai karatu game da yawun kare. Addini ya yi izinin ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta ambaci dabbobin farauta da aka koya wa aiki. Mu da muka tashi a kan Malikiyya mun san hukuncin da sauƙi, amma mutanen nan yawancinsu Hambaliyya ne, yawun kare najasa ne a wurinsu. Ni dai na ware riga da wando na horo, na ware safar hannu, kwanon karen daban yake, in na gama na wanke jiki na sauya kaya. Da haka ba ka shiga rigima da kowa, sallarka kuma ba ta da shakka.

Kafin ka fara

Ka kai karen wurin likitan dabbobi. A yi masa allurar haukan kare da sauran rigakafi, a ba shi maganin kaska da tsutsar ciki. In babban kare ne irin na Jamus, a ɗauki hoton ƙashin ƙugunsa, domin wannan jinsin yana yawan samun matsalar ƙugu, kuma tsalle yana tsananta ta. Ƙasusuwan manyan karnuka ba sa gama ƙwari sai tsakanin wata 12 zuwa 18. Kwikwiyo yana iya koyon ɗauko abu tun yana ƙarami, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kada ka ɗaga masa shinge ya wuce gwiwar ƙafarsa ta gaba sai ya cika wannan lokacin.

Karen ya zama ya riga ya san "zauna", "tsaya" da "zo". In bai san su ba, ajiye maganar tsalle tukuna.

Sai kaya. Itacen ɗauko siffarsa kamar ƙaramin kalangu: siriri a tsakiya, kauri a kai biyun. Kowane kafinta zai yi maka. Tsakiyar ta ɗan fi faɗin bakin karen kaɗan, ta zauna daidai bayan fiƙoƙinsa, kawunan kuma su ɗaga ta daga ƙasa yadda hancinsa ba zai gogi ƙasa ba in ya sunkuya. Shingen allo faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi, da allunan da ake zarewa a ƙara ko a rage, a shafa masa farin fenti. Tsayin da za a kai a ƙarshe, a tsarin AKC, daidai yake da tsayin karen daga ƙasa zuwa saman kafaɗarsa, ba ya wuce inci 36, wato kamar santimita 91. Karen Jamus namiji yakan kai santimita 60 zuwa 65.

Ladan da za ka riƙa ba shi: hanta ko tsokar kaza da aka dafa ba gishiri, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Kada ka ba shi ragowar kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama na mutanen nan. Albasa da zabibi guba ne ga kare, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke hanji.

Lokaci shi ne babban abu a ƙasar nan. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma a danshin Jidda hakin ba ya sanyaya shi yadda ya kamata. Ni bayan sallar Asuba nake fita, kafin rana ta ɗaga. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai; in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Kada ya yi tsalle da cikakken ciki, domin karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya murɗewa, kuma wannan ciwon yana kisa cikin sa'o'i.

Kalmar lada

Ka zaɓi kalma ɗaya gajera da za ta gaya wa kare cewa abin da ya yi a wannan ƙiftawar idon shi ake so. Tawa "yauwa" ce. Ka faɗe ta, ka ba shi nama, sau ashirin, kwana biyu ko uku, har ka ga da ka ce "yauwa" ya ɗaga kunne yana jiran hannunka. Daga nan kalmar ta zama alkawari: duk lokacin da ka faɗa, sai ka biya.

Riƙewa, inda aikin yake

Kowa yana so ya fara da jifa, domin shi ne mai daɗin kallo. Haka na yi da karen farko da aka ba ni. Na jefa, ya ruga, ya ɗauka, ya shige ƙarƙashin motar ruwa ya kwanta yana gaigayar itacen. Wata uku na yi ina warware abin da na ƙulla da hannuna a mako guda. Tun daga ranar nake koyar da ɗauko daga ƙarshe zuwa farko. Abin da kare zai fara sani shi ne zama a gabanka da itace a baki, shiru, har ka karɓa.

Ka zauna a kan kujera, karen yana gabanka. Riƙe itacen ta kai ɗaya a gaban hancinsa. Ya kalle shi, "yauwa", nama. Bayan 'yan lokuta ka daina biyan kallo, ka jira ya taɓa da hanci. Daga nan ka daina biyan taɓawa. Zai ɗan ji haushi, ya tura da ƙarfi, leɓensa ya buɗe, haƙorinsa ya taɓa itacen. Wannan shi kake jira. "Yauwa" nan take, ka ba shi uku a jere. Cikin kwana kaɗan zai riƙa kama tsakiyar da baki. Sai a nan za ka saka kalmar "ɗauko", kana faɗa daidai lokacin da yake buɗe baki.

Yanzu tsawon riƙon. Hannunka bai saki itacen ba tukuna. Ya kama, ka jinkirta "yauwa" da daƙiƙa ɗaya. Gobe biyu. In ya tofar kafin ka yi magana, kada ka ce komai, ɓoye itacen a bayanka ka ƙirga biyar, ka sake miƙa masa, ka rage lokacin. Idan ya kai daƙiƙa biyar bakinsa a rufe, sai ka fara sakin hannu kaɗan kaɗan, ka dawo ka kama kawunan biyu, ka ce "ba ni", ya saki, sannan lada. Ka lura da kyau a nan: kai hannu ga itacen ba umarnin saki ba ne. Yawancin karnuka da sun ga hannu na zuwa sai su tofar, itacen ya faɗi a ƙafarka, alƙali ya rage maki. Don haka wani lokaci ka taɓa itacen ka janye hannu ba ka ce komai ba, ka shafa kansa, ka sake taɓawa, sai a na uku ka ce "ba ni".

Taunawa ita ce cutar da ta fi wuyar magani. Kada ka taɓa cewa "yauwa" alhali muƙamuƙinsa na motsi. Ka jira bakin ya tsaya cak ko da na rabin daƙiƙa ne. Wata dabara da ta yi mini amfani da Duna: yana riƙe, sai in ɗan ja itacen a hankali ta kai ɗaya. Da ya ji ana ja sai ya damƙe, da ya damƙe taunar ta tsaya, ni kuma in biya. Kada kuma a bar masa itacen yana wasa da shi, a gama a rataye shi inda ba ya kaiwa. Da nake yi wa dattijon nan bayanin wannan, shi ya tuna mini da hadisin Adiyyu bin Hatim, mutumin ƙabilar Ɗayyi ta yankin Ha'il, inda Annabi (SAW) ya hana cin abin da karen farauta ya ci daga jikinsa, domin wataƙila don kansa ya kama. Karen da ya ƙware yana riƙe wa maigidansa ne, mafarautanmu sun san haka tun da daɗewa.

Kowane zaman horo minti uku zuwa biyar, sau biyu a rana. Wannan matakin yana iya cin mako uku, ga saluki, karen farautar Larabawa, ma ya fi haka, domin an haife shi don gudu ne da kamu, ɗauko abu ba ya cikin jininsa kamar yadda yake ga jinsin karen da ake kira Labrador.

Daga hannu zuwa ƙasa

Idan riƙon ya zauna, ka miƙe tsaye. Ba shi itacen, ka ja da baya taku ɗaya, ka ce "zo". Ya biyo ka, ya zauna a gabanka daf da gwiwoyinka, itacen na baki. Karnuka da yawa suna sakin itacen daidai lokacin zama, domin abu biyu a lokaci guda ya yi musu yawa. Ka maimaita taku ɗayan nan har ya daina. Sannan taku uku, sannan biyar.

Bayan haka ka riƙa sauke itacen: daidai ƙirjinsa, daidai gwiwarsa, kai ɗaya a ƙasa hannunka na riƙe da ɗayan, har ka ajiye shi ƙasa hannunka na kusa. A nan ƙasarmu tana da tata matsalar. In ka ajiye a rairayi, yashi zai shiga bakinsa, daga nan ya koyi ɗauka ta kai don gudun yashin. Shimfiɗa tsohuwar kafet, ko ka yi a kan ciyawar roba in akwai ta a wurin.

Sai ka ajiye itacen nesa da taku biyu, ka dawo gefensa, yana zaune a hagunka, ka tura shi. Ajiyewa, ba jifa ba. Ka ƙara nisa har mita shida, domin a gasa ana jefawa aƙalla ƙafa 20. Sai ya iya wannan sannan jifa ta shigo, da doguwar igiya a wuyansa don kada ya zarce. Ka jefa, ka jira itacen ya tsaya da birgima, ka ƙirga uku a zuci, sannan "ɗauko". Karen da ya tashi kafin umarni ya faɗi jarrabawar. Maganin wannan mai sauƙi ne: cikin jifa uku, ɗaya ka je da ƙafarka ka ɗauko, ka dawo ka biya shi don ya zauna.

Tsalle shi kaɗai

Wannan ana koyar da shi a wani zama dabam, ba itace a wurin. Fara da allo ɗaya na santimita 10. Ku taka tare ku ƙetare, kana cewa "haye". Sannan ka zaunar da shi a wancan gefen, ka dawo wannan, ka kira shi ta kan allon. Sannan ka ajiye ɗan faranti da nama a wancan gefen ka tura shi, ya tsallake ya ci, ka kira shi ya tsallako ya sami wani a hannunka. Ɗan yayata da ke taimaka mini ranar hutu shi ke tsayawa kusa da farantin. In karen ya kewaye shingen sai ya take farantin da ƙafa, ba tsawa, ba komai, a sake.

Ka tsaya aƙalla mita biyu da rabi daga shingen, shi ne ƙafa 8 da doka ta ce. Ƙara tsayi santimita biyar biyar, kuma ba ka ƙarawa sai ya yi kwana uku bai taɓa allo da ƙafa ba. Tsalle shida a zama sun isa. Ƙasa ta zama mai ɗan laushi, ba siminti ba, ba tayil ba. Ka kalli ƙafafunsa: in ya fara daddaga ƙananan taku kafin ya tashi, ko ya tsaya yana shakka, tsayin ya yi masa yawa ko wani wuri na masa ciwo. Ka sauke allo biyu, in bai gyaru ba ka kai shi likita.

Haɗa biyun

Sauke shingen ya koma can ƙasa, kamar ba a taɓa ɗaga shi ba. Nan ma daga ƙarshe za ka fara. Zaunar da shi a wancan gefen, ba shi itacen ya riƙe, ka dawo wurinka, ka ce "haye". Ya tsallako da itace a baki ya zauna a gabanka. Ka yi mako guda a kan wannan kaɗai, domin tsallen dawowa shi ne inda karnuka ke faɗuwa. Zuwa ba ya wuya, itacen na jansa. Da ya ɗauka ya juyo kuwa, idonsa na kanka, hanya mafi kusa ita ce ta gefen shinge.

Sannan ka ajiye itacen da hannu a wancan gefen, a tsakiya, ka tura shi. Da farko za ka ce "haye", "ɗauko", "haye", kana ma taɓa saman allon da hannu lokacin da ya juyo. A hankali ka zubar da na biyu da na uku, domin a gasa umarni ɗaya ake bayarwa. Jifa ta zo daga baya, ta faɗi aƙalla mita biyu da rabi bayan shingen don ya sami filin ɗaukar gudu.

Idan ya ƙware a jifa madaidaiciya, ka fara karkata ta da gangan. Taku ɗaya zuwa dama, gobe ɗaya zuwa hagu, jibi biyu. Ranar gasa hannu yana rawa, itace kuma yana birgima inda ya ga dama. Ranar da na fara wannan da Duna, itacen ya faɗi can gefe inda yake hango ni sarai ba shinge tsakaninmu. Ya ɗauka, ya yi taku biyu zuwa gare ni, ya tsaya. Yaron ya ce, "Kawu, zai kewaye." Na ce ya yi shiru. Duna ya kalle ni, ya kalli allon, ya karkata ya koma tsakiya ya tsallako. Duk hantar da ke aljihuna na juye masa, na rufe aikin ranar a nan. In naka ya kewaye, kada ka karɓi itacen da fara'a kuma kada ka yi faɗa. Karɓa shiru, ka mayar da karen inda ya ɗauka, ka matsa kusa da shingen ka kira shi ta kan allon.

Dogon tsalle

Alluna ne farare har huɗu a kwance a jere, tsawon da suka rufe ya ninka tsayin shingen karen sau biyu. Kana barin kare aƙalla ƙafa 8 daga allon farko, ka je ka tsaya a gefen dama kana fuskantar allunan, ka ba da umarni, yana sama ka juya dama, ya sauka ya zagayo ya zauna a gabanka. Matsala biyu ce: taka allunan, da yanke kwana zuwa wurinka tun bai gama tsallen ba. Fara da allo biyu a haɗe, ka gitta ƙaramar sanda a samansu don ya ɗaga jiki. Don yanke kwana, ajiye farantin nama mita uku gaba a miƙe, ya saba da zarcewa kafin ya juyo. Ka daɗe kana gudu tare da shi kafin ka fara tsayawa a gefe.

A aji na uku akwai tsallen nuni, inda ake tura kare gaba ya zauna tsakanin shinge biyu, a nuna masa da hannu wanda zai haye. Wannan sai bayan shekara guda a kan na baya.

Janye nama da sauya wuri

Ba a shiga filin gasa da abinci. Ka fitar da naman daga aljihu ka ajiye a kwano can gefe, ya gama aiki ɗaya ku ruga tare ya ci, sannan aiki biyu, sannan uku. Ka kai kayan wani wuri, bayan garke, kusa da ƙofar gona, inda motoci ke wucewa. Ka sa wani ya tsaya kusa da takarda a hannu kamar alƙali, shi zai riƙa cewa "jefa", "tura shi", "karɓa", don karen ya koyi cewa muryarka kaɗai yake bi. Duk sabon wuri ka sauke shingen rabi a ranar farko.

Daga Yuni zuwa Satumba ni ina ajiye tsalle mai tsayi gaba ɗaya, muna aikin riƙo a inuwa, sai iska ta sauya a Nuwamba mu koma fili. Ko a lokacin sanyin ka riƙa duba bakinsa tsakanin tsalle da tsalle. In harshen ya zazzago ya yi faɗi, dasashi ya yi ja sosai, yawu ya yi kauri, ko ya fara tangaɗi, tsaya nan take. Kai shi inuwa, zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da hammata da tafin ƙafa, ba shi ya sha kaɗan kaɗan, ka sa shi a mota mai sanyi zuwa wurin likita ko da ka ga kamar ya farfaɗo.